Idan na ƙara aiki za su yanke wa ɗana kuɗin SSI?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara kaina ya kulle. A Amurka nake zaune da yarana biyu, babansu Allah ya masa rasuwa. Ƙaramin shekararsa bakwai, tun haihuwa yake da lalurar da ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, baya tafiya sai a keke, kuma gwamnati na bashi kuɗin nakasa na SSI wajen dala 738 duk wata. Ni ina aiki ne a gidan kula da tsofaffi ina samun dala 3,000 a wata kafin a cire haraji, to yanzu sun ce in ina so za su ƙara min aikin dare albashina ya koma 3,600. Wata ƙawata tace kar ma in soma, wai da sun ga albashi ya ƙaru za su yanke kuɗin yaron gaba ɗaya har da Medicaid ɗinshi, wato inshorar lafiya ta gwamnati, wata kuma tace in karɓa in yi shiru ba mai sani. Wallahi ina buƙatar kuɗin amma tsoro nake ji. Sannan akwai wanda ke nemana da aure, shin hakan ma zai taɓa kuɗin? Daga uwar yara biyu.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan maigidanki, ya baiwa yaron nan lafiya, ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Ni dai a ganina ki karɓi aikin, amma zauna in miki lissafin ki gani da idonki dan hankalinki ya kwanta.

SSI kuɗi ne na masu ƙaramin ƙarfi, hukumar Social Security ke biya, shi yasa ko yaro na da nakasa sai sun duba abinda ke shigowa gidan. In yaro bai kai 18 ba kuma yana zaune da iyayensa, suna ɗaukar wani kaso na kuɗin iyayen su lissafa kamar nashi ne, su suna ce masa deeming, zaki iya jin kalmar a bakinsu. Amma fa ba duka albashin suke ɗauka ba, nan ne ƙawarki ta farko ta kuskure.

Ga yadda suke yi da alƙaluman 2025, shekarar da cikakken kuɗin SSI na mutum ɗaya yake dala 967. Daga 3,000 ɗinki za su fara cire 483 saboda ɗayan yaron naki mai lafiya, shima ai ci yake yana sha, saura 2,517. Sai su cire 20, su ƙara cire 65 tunda kuɗin aiki ne, saura 2,432. To a nan sai su raba shi biyu su watsar da rabi, saura 1,216, sannan su cire 967 a matsayin abinda ke kanki zaki rayu dashi, abinda ya rage 249 shine suke ɗorawa yaron, shima a yafe masa 20 ya zama 229. In kin cire 229 daga 967 me ya fito? 738, daidai abinda kika ce yana samu.

Yanzu sa 3,600 a wannan lissafin. Ƙarin 600 ɗin nan rabinsa kawai zai shiga, wato kuɗin yaro zai ragu da 300 ya koma 438. Kinga kin samu 600 kin rasa 300, gidan ya ƙaru da 300 kafin haraji. Duk dala ɗaya da kika ƙara rabinta ce ke tafiya. A gida irin naki, uwa ɗaya da yaro ɗaya mai lafiya, a lissafin 2025 sai albashi ya kai wajen dala 4,476 a wata kafin kuɗin ya tsaya kwata-kwata, kinga da sauran tazara. Alƙaluman yawanci suna ɗan hawa a watan Janairu, wasu jihohin ma suna ɗora nasu ƙarin akan na tarayya, amma tsarin lissafin ɗaya ne. Abinda zan ce ki auna da kanki shine ko 300 ɗin ta isa ta biya gajiyar aikin dare da kuɗin wanda zai kwana da yaran, dan yaro mai irin wannan lalurar ba kowa ake barwa ba, wannan ke kaɗai kika san jikinki da gidanki.

Ita kuwa mai cewa ki yi shiru, dan girman Allah kar ki biye mata. Wurin aikinki suna kai rahoton albashinki wa gwamnati, ko ba yau ba za a gani, kuma ranar da aka gani wasiƙa ce zata zo a ce an biya yaron fiye da ƙima tsawon wata kaza, a dawo da kuɗin, sai ki ga ana zaftare ɗan abinda yake samu duk wata har bashin ya ƙare. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙa'idar ita ce ki sanar dasu duk canjin albashi kafin 10 ga watan da ke biye, ta waya ko ta manhajarsu ko ki je ofis, kuma albashin kafin haraji zaki faɗa. Ki samu jaka guda ki dinga zuba takardun albashinki ciki, in kin kai musu takarda ki karɓi shaidar sun karɓa. Kar kuma ki ruɗe in kin ga kuɗin bai ragu nan take ba, yawanci albashin wannan watan sai bayan wata biyu yake bayyana a kuɗin yaro.

Akwai tarko ɗaya da yake kama mutane da yawa. In duk sati biyu ake biyanki, wajen sau biyu a shekara zaki karɓi albashi uku a wata ɗaya, su kuma ranar da kuɗi ya shigo hannu suke dubawa, to wannan watan zai iya haura 4,476 ɗin nan yaro ya rasa kuɗin watan. Ba korarsa aka yi ba, in albashi ya koma daidai kuɗin na dawowa, sai in an jera wata 12 ba a biya ba ne ake komawa neman sabo.

Zancen Medicaid na fahimci tsoronki sosai, dan keke da magani da ganin likita sun fi 738 ɗin nesa ba kusa ba. A yawancin jihohi muddin yaro yana kan SSI ko da kuɗin kaɗan ne, Medicaid ɗinsa na nan. In ma wata rana albashinki ya haura, jihohi da dama suna da shirin da ake kira Katie Beckett ko makamancinsa, wanda yake baiwa yaro mai nakasa mai tsanani Medicaid ba tare da duba kuɗin iyaye ba, akwai kuma CHIP, inshorar lafiyar yara ta gwamnati. Ki tambayi ofishin Medicaid na jiharki tun yanzu kina da natsuwa.

Ki kula da ajiya ma. Uwa ɗaya an yarda ta ajiye dala 2,000, abinda ya haura sai a ɗora wa yaro, shima iyakarsa 2,000. Gidan da kuke ciki da mota ɗaya basa cikin lissafi. In kina son tara masa wani abu ki buɗe masa asusun ABLE, wato asusun ajiya na masu nakasa, har dala 100,000 bata taɓa SSI.

Sai maganar aure, Allah ya sa alheri, na miki murna. Eh zai taɓa, dan in kun yi aure yana zaune daku a gida ɗaya za a haɗa albashinsa da naki ko da ba shi ya haifi yaron ba, sai dai abinda ake cire muku na rayuwa zai tashi, a alƙaluman 2025 daga 967 zuwa 1,450, iyakar ajiya kuma ta koma 3,000. Ku zauna dashi da takarda da biro ku yi lissafin nan kafin a sa rana, ya sani sarai ko in kuɗin yaron ya ragu ko ya tsaya shi zai cike gurbin. Duk wannan lissafin iyaye yana ƙarewa ne in yaron ya cika 18, lokacin za su sake duba lalurarsa da ma'aunin manya, kuɗinsa shi kaɗai za a kalla. Ki rubuto min albashin mai neman naki in yana so, sai in taya ku buga lissafin.