Tambaya da Amsa: Fentin Tankokin Roba, da Masu Son Maida Sabuwar Tanka Kayan Jari-bola

Saƙonni kan fentin ƙananan tankokin yaƙi na roba da ake haɗawa a gida sun taru wannan makon, bari mu fara da mai sauƙi.

*Malam, na haɗa Tiger I (tankar Jamus ta yaƙin duniya na biyu) ta kamfanin Tamiya mai sikelin 1/35, wane launi zan mata, toka-toka ko rawaya? Daga Zariya.*

Kai ne za ka fara gaya min shekarar da kake so tankar ta fito. Jamusawa sun yi amfani da toka mai duhu har farkon 1943, a watan Fabrairun shekarar suka koma rawaya mai kalar ƙasa, wanda suke kira Dunkelgelb, sai a ba sojoji kore da jan-ƙasa su zizara a kai da kansu. In Tiger ɗin farko kake so, wadda ta fara bayyana kusa da Leningrad a 1942, toka ce, fentin Tamiya mai lamba XF-63. In ta yaƙin Kursk ce, Yulin 1943, sai XF-60 a ƙasa, kore da jan-ƙasa a sama. Takardar cikin kwalin ma ta faɗa maka, ku dai ba kwa karanta ta ne.

*Kawu, tina (ruwan sirka fenti) ɗin Tamiya ya yi tsada, zan iya sirka fenti da fetur? Na ji ance sojojin Jamus ma haka suka yi. Daga Maraɗi.*

Haba ɗan nan. Eh, sun sirka da fetur, wani lokacin da ruwa in fetur ya yi wuya, shi ya sa ma launin tankokinsu bai taɓa zama iri ɗaya ba. Amma su a kan ƙarfe suke shafawa, kai a kan roba. Fetur da tina ɗin masu fentin mota cin robar suke, za ka wayi gari ka ga bakin bindigar ta lanƙwashe kamar taliya. Fentin gwangwani na mota ma kar ka kusanto da shi. In fentinka na ruwa ne irin Vallejo, ruwa mai tsafta ya isa, na Tamiya kuma ka daure ka sayi tinarsu X-20A kwalba ɗaya, tana daɗewa.

*Malam, na sayi kwalaben tsatsa, na ƙura, na taɓo, na maiƙon inji, sun kai goma sha biyu, amma tankar Rasha T-34 ɗina har yanzu bata yi kama da ta gaske ba. Wanne zan ƙaro? Daga Kano.*

Ko ɗaya. Rufe walat ɗinka ka zauna mu yi magana, dan wannan abun ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Kwalba sha biyu, a wannan tsadar dalar, ga kuɗin kawowa daga waje, kuma tankar guda ɗaya ce tal a kan teburinka. Na ga hoton da ka turo. Wallahi ba tankar yaƙi na gani ba, na ga abun da ƴan jari-bola suka tono a bayan gari. Tsatsa a kan hasumiya, tsatsa a bindiga, tsatsa har kan ƙofar direba da ake buɗewa kullum. T-34 a fagen daga ba ta samun shekarun da za ta yi wannan ruɓewar, ko dai a harbe ta ko a maida ta gyara, kuma akwai sojojin da rayuwarsu ta dogara da ita suna goge ta. Tsatsa tana zama a salansa saboda zafi, da sarƙar ajiya da aka rataye a jiki, da ɗan inda fenti ya ɓare. Sarƙar da take takawa kuwa, inda take gogar ƙasa da taya sheƙi take yi kamar bakin fartanya a damina. Wani ma kwanaki ya turo min M113, motar sulke ta ɗaukar sojoji, ya lafta mata tsatsa ja jawur, alhali jikinta alminiyom ne, ina ka taɓa ganin tukunyar alminiyom ta yi tsatsa?

Matsalar ita ce kuna kallon bidiyon turawan da kamfanonin ke ba su kayan kyauta, kowane minti biyu a buɗe sabuwar kwalba, sai ku ɗauka a kwalbar gwanintar take. Ni abun da ke kan teburina kenan: fentin mai na masu zane bututu biyu, baƙi da ruwan ƙasa mai duhu, ɗan farin tina mara wari, allin zane kala uku da nake gogawa a sanfefa ya zama gari, fensir ɗin makaranta, da guntun soso na cikin kwali. Shikenan. Ka fesa banish mai sheƙi tukuna, ka tsarma fentin man ya yi ruwa-ruwa kamar shayin da ba madara, ka ɗiga da bakin ƙaramin burushi a gindin kusoshi da layin walda, zai bi da kansa. Ka tsoma soson a ruwan ƙasa, ka goge a takarda har ya kusa bushewa, sannan ka ɗan taɓa gefen ƙofofi da inda takalmin soja ke takawa. Fensir a gefen sarƙa da kan bindigar mashinga. Garin alli a ƙasa wajen tayoyi, yana raguwa in kana yin sama. In kana son sanin yadda ƙura ke zama a jikin ƙarfe, fita bakin titi ka tsaya kusa da tifa ko giredar masu aikin hanya minti goma, darasin kyauta ne.

Kuma tunda an taɓo kwalabe, a cikin sha biyun nan ina da tabbacin akwai jabu. Ni kaina an taɓa yi min, na yi oda wajen wani mai sayarwa a intanet dan na ga sauƙi, kwalbar ta zo rubutun jikinta dishi-dishi, murfin ba hatimi, na girgiza na ji kamar ruwan wanki, Dunkelgelb ɗin ya fito kamar kunun gyaɗa, kwana uku bai bushe ba, yatsana na nan a jikin tankar Panther ɗin har yau. Tsohuwar kwalba ake samu a ɗura wani abu. In farashi ya yi ƙasa da na kowa sosai to akwai dalili. Ka duba lambar launin a jiki, ka duba hatimin, kuma kowane sabon fenti ka fara gwada shi a cokalin roba na take-away ka bar shi ya kwana kafin ya taɓa tankar da ka ɓata sati uku a kanta. Kuɗin kwalba ta sha uku ka sayi banish mara sheƙi da shi, shi ne abun da hotonka ya nuna baka da shi.

*Ina son dabarar man fesa gashi dan yin farin fentin ƙanƙara na Rasha. Yana aiki? Daga Jos.*

Yana yi. Kore a ƙasa, banish, feshin gashin sau biyu siriri, farin fentin ruwa a kai, bayan ɗan lokaci ka jiƙa burushi mai tauri ka goga a hankali. Amma da abin feshi ake ɗora farin, in da burushi ka shafa zai narke maka tun kafin ka shirya.

*Malam dan Allah, yarona ɗan shekara 13 ya tara kuɗin makarantarsa ya sayi tankar Sherman, ya fenta da burushi, duk ta yi layi-layi ga ƙura ta manne, tun jiya bai ci abinci ba. Sai na saya masa injin feshi? Ban da halinsa yanzu. Wata uwa daga Kaduna.*

Hajiya kwantar da hankalinki, kar ki sayi komai, kuma ki ce masa Kawu ya ce tankarsa ta farko ta fi tawa, tawa manne na zuba mata har hasumiyar ta daina juyawa. Sherman ma ita ce mafi sauƙi, launi ɗaya ne, koren zaitun. Layin nan daga kaurin fenti ne. In na ruwa ne, ki samo sifirit a kemis, ya jiƙa tsohon burushin haƙori ya wanke ta a hankali, zai fita. Sannan ya tsarma fentin ya koma kamar madara, ya shafa siriri da faffaɗan burushi mai laushi. Shafin farko zai yi muni, robar na leƙowa, kar ya tsorata kar kuma ya koma kan inda bai bushe ba, a na uku zai ga ta haɗe. Da safe ko bayan la'asar zai yi, ba da tsakar rana ba, zafi na busar da fenti tun a bakin burushi. Ƙurar kuwa hunturu ne, duk muna fama, da ya gama shafi ya kifa mata roba ko kwali, ya kashe fanka. Ki ce ya turo min hoto bayan shafi na uku, kuma ya ci tuwonsa tukuna.