Amsa: yadda ake kimanta nauyin gungun galaksi

Ɗan'uwa, ka tambayi ko bayanan binciken sama na Sloan da ka sauke za su isa ka kimanta nauyin gungun galaksi (wato manyan tarin taurari) da na sararin wofi da ke tsakaninsu, don aikinka na jami'a a nan Jidda. Na gungu za su isa. Ka duba yadda hasken kowace galaksi ya karkata zuwa ja, daga nan ka samu gudunta, domin gwargwadon saurin da take nisantar mu haka haskenta ke karkata, sai ka auna yadda gudun ya bambanta a cikin gungun. Ka ninka bambancin da kansa, ka ninka da faɗin gungun, ka raba da lambar ƙarfin janyowa, wato G ta dokar Newton, sai ka samu kiyasin nauyin. Haka masanin taurari Fritz Zwicky ya yi wa gungun Koma a 1933, inda bambancin gudun ya kai wajen kilomita 1,000 a daƙiƙa, har ya gane cewa abin da ido ke gani bai kai ya riƙe gungun ba. Na wofi kuwa sai ka bi yadda galaksi ƙalilan da ke gefensa ke ficewa waje, kuma wannan ya fi wuya sosai.

Sharaɗi ɗaya dai, ka tace baƙi tukuna. Akwai galaksi da ke gaba ko bayan gungun, a hoto sai ka rantse 'yan gida ne. Lokacin da na yi nawa, guda biyu na bari, nauyin ya kumbura, sai da na kwana ina bin layin lambobi ɗaya bayan ɗaya kafin na gano su.