Me Ya Sa Barandar Sakatariya Ta Yi Faɗi Haka?

Yarona, ka ce siminti muke ɓatawa a baranda mai faɗin ƙafa goma alhali ofisoshin kansu ƙanana ne. To, ka je ka tsaya a ƙofar kowace sakatariya cikin ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi ranar Litinin da hantsi. Ga mai neman takardar shaidar ɗan asali, ga tsoho mai bin fansho, ga ɗan kasuwa da rasit ɗin haraji, ga dagaci da jama'arsa. Kafin a sallami ɗaya, goma sun taru. Ina za su zauna? Baranda ita ce zauren gidan hukuma, kuma gidan da baƙinsa suka fi masu gida yawa ba a yi masa rowar zaure.

Sai rana. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40. Shi ya sa muka juya doguwar fuskar ginin kudu da arewa, muka bar wa gabas da yamma bango da 'yan ƙananan tagogi a sama. Rufin baranda ya tare rana kafin ta taɓa bangon ofis, tagogi kuma suna fuskantar juna don iska ta ratsa. Ni dai gilashin nan da ake yayi daga ƙasa har sama bai kwanta mini ba. A ɗauke wuta awa ɗaya ka ga ma'aikata sun watse gindin dalbejiya, hunturu kuma ya zo ya lulluɓe shi da ƙura.

Gangaren da ke gefen matakala ma kada ka ɗauka kwalliya ce. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar kare masu buƙata ta musamman, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Ƙa'idarsa, duk tsayin ƙafa ɗaya ka ba shi tsawon ƙafa 12. In ya fi haka tsayuwa, mai keken guragu sai an tura shi. Kuma a bar fuskarsa da kaushi saboda damina.

Zauren kansiloli a ƙasa muka ajiye shi, kusa da ƙofa, don mai ƙorafi kada ya yi ta hawan bene yana tambaya.

Yanzu ɗauki tiyo ka shayar da kankaren da muka zuba jiya. Safe da yamma, har kwana bakwai, ka rufe shi da jiƙaƙƙen buhu.