Me ke kashe kainuwar ruwan Legas da rani?

Tambaya: Malam, kainuwa kan toshe ruwan Ikorodu bayan damina, da rani kuma ta ɓace. Wace halitta ke cinye ta? Daga mai karatu a Mile 12.

Amsa: Ɗan'uwa, gishiri ne ke kashe ta, ba wata halitta ba. Da damina Kogin Ogun na kwararo ruwa marar gishiri, sai ta yaɗu. Da rani ruwan teku ya kutso, gishirinsa ya zuƙe ruwan jikinta. Wannan aikin marasa rai ne.

Daga nan masu rai ke karɓa: bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, na ruɓar da ita, suna shanye iskar oksijin ta cikin ruwa, kifi ya rasa numfashi, musamman da asuba. In kana da kejin kifi, kwashe ta tun tana kore, ka jibge a tudu nesa da bakin ruwa.