Hadarin da ya wuce ku, mu yake iskowa

Malam, tambayarka ta iso mana nan Houston, kuma mun zauna a kanta, mu Hausawan da muka daɗe a garuruwan bakin teku na jihar Teksas. Ka ce akwai shekarun da ba ka buɗe rediyo sai ka ji mahaukaciyar guguwa ta afka wa Amurka, sannan a yi shekaru shiru kamar an ɗauke ruwa. Kana so ka sani ko abin yana da lokacinsa, da kuma yadda muke zaune da iyali a irin wannan wuri.

Yana da lokaci, har iri biyu. Na farko na kowace shekara ne: daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, tsananinsa kuma daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Ka ga ya yi daidai da daminarku, kuma akwai dalili. Hadarin nan da kuke gani yana tasowa daga gabas, iska ce ke ɗauke da shi, mai tafiya tana lanƙwasa, tana ratsa Cadi da Nijar da arewacin Nijeriya duk bayan kwana 3 zuwa 5, har ta faɗa Tekun Atilantika ta wajen Sanigal. Kusan 60 ke fita a shekara. Yawancinsu a teku suke mutuwa. Wanda ya tarar da ruwa mai ɗumin digiri 26.5 ko fiye, kuma iskar sama ba ta sare masa kai ba, shi ne ke fara juyawa. Mafi yawan manyan guguwoyin Atilantika daga nan suke. Harvey ta 2017 da Ike ta 2008 da Beryl ta 2024, waɗanda suka girgiza garin nan, duk daga Afirka ta Yamma suka taso.

Lokaci na biyu shi ne wanda ka lura da shi, na shekaru masu yawa. Daga wajen 1926 zuwa ƙarshen shekarun 1960 teku ya yi ta haifar da manya: Audrey a 1957, Carla a 1961, Betsy a 1965, Camille a 1969. Daga 1971 zuwa 1994 aka samu lafawa. A 1995 abin ya dawo, kuma har yau bai sauka ba. 2005 ta zo da guguwa 28, 2020 kuma da 30, alhali matsakaicin shekara 14 ne. To ka ɗora wannan a kan abin da dattawanku suka gani. Shekarun 1950 shekarun ruwa ne a ƙasar Hausa. Farin 1973 da na 1984 kuwa a tsakiyar lafawar nan suka faɗa. Wani masanin yanayi, William Gray, ya nuna wannan alaƙa tun 1990: idan damina ta yi kyau a yammacin Sahel, manyan guguwoyi sukan yawaita a wannan ɓangaren. Abin yakan taɓa mu, domin shekarun da mutanen nan suka huta su ne shekarun da shanu suka ƙare a gida.

Masana ba su haɗu a kan dalili guda ba. Wasu sun ce ruwan arewacin Atilantika ne ke ɗumama yana hucewa da kansa, saboda yadda yake zagayawa a hankali. Wasu sun ce hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ne ya tare hasken rana a shekarun 1970 da 1980, ya sanyaya tekun, ya kuma ja damina ta koma kudu. Da aka yi dokokin rage hayaƙin sai tekun ya sake ɗumama. Bambancin yana da nauyi. In na farko ne, lafawa za ta sake zuwa. In na biyu ne, babu tabbacin dawowarta, ga shi kuma tekun yana ƙara zafi. Ban da wannan, akwai masu sauya shekara guda kawai: El Nino, wato ɗumamar ruwan Tekun Pasifik, yakan ƙarfafa iskar sama ta tarwatsa guguwa, busasshiyar iskar Sahara mai ƙura kuma takan shaƙe ta tun tana ƙarama.

Akwai ma zagaye mafi tsawo, wanda aka karanto a laka. Duk lokacin da babbar guguwa ta tura teku cikin tafkin da ke bayan gaɓa, takan bar shimfiɗar yashi a kan laka. Da aka haƙa tafkuna a Alabama da arewacin Fulorida aka ƙirga shimfiɗun, sai aka ga tsakanin kimanin shekaru 3,400 zuwa 1,000 da suka wuce manyan guguwoyi sun riƙa bugun gaɓar nan fiye da yanzu, ninki uku zuwa biyar.

Yanzu ga abin da muke fara gaya wa duk sabon zuwa: kada lissafin lafawa ya ruɗe shi. A 1983 guguwa 4 kacal aka yi, amma ɗaya daga ciki, Alicia, a nan Tekun Meksiko ta haɗu, ta sauka a Galveston, bakin teku kusa da Houston. Andrew ta ragargaza kudancin Fulorida a 1992, a cikin lafawar. Daga Oktoban 2005 zuwa Agustan 2017 babu guguwa mai mataki na 3 ko sama, a ma'aunin ƙarfin guguwa, da ta taɓa ƙasar Amurka, mutane suka saki jiki, aka yi ta gini a kwari. Sai Harvey ta tsaya cik a kanmu kwanaki, ta zubar da ruwan da ya wuce milimita 1,500 a wani gari gabas da nan, kusan ruwan damina biyu na Kano. Matakan nan na 1 zuwa 5 ƙarfin iska kaɗai suke aunawa, daga kilomita 119 a awa zuwa 252 da abin da ya haura. Ruwa kuwa, na sama da na tekun da iska ke turowa tudu, shi ya fi kashe mutane.

Saboda haka shirinmu iri ɗaya ne kowace shekara, kuma a watan Mayu muke yin sa. Inshorar gida ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Ta ambaliya daban ake saya, kuma sai ta kwana 30 kafin ta fara aiki, don haka wanda ya jira sai an ambaci sunan guguwa ya makara. Mai neman haya mukan ce ya duba taswirar ambaliya kafin ya sa hannu, ya kuma guji ɗakin ƙasa idan unguwar tana kusa da rafi. Ruwan sha, galan ɗaya, wato kusan lita 4, ga kowane mutum a rana. Hukuma ta ce aƙalla na kwana 3, mu na mako muke ajiyewa, sannan a cika bahon wanka don banɗaki da alwala. Abinci wanda ba ya bukatar wuta: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, dambun nama. Firij yakan riƙe sanyi awa 4 bayan an ɗauke wuta, firiza cike taf awa 48 idan ba a buɗe ta ba. Wannan ya shafe mu musamman a shekarun da Babbar Sallah ke faɗowa cikin lokacin guguwa, kamar 2017 da ta zo 1 ga Satumba, ruwan Harvey bai gama janyewa ba. Shi ya sa matanmu kan soya naman layya ya bushe ƙarau, irin na gida. Fasfo da takardun zama a leda mai rufi, kuɗi a hannu, tankin mota kada ya sauka ƙasa da rabi. Taga kuma da katako mai kauri ake rufe ta, a ɗaure da ƙusa mai juyi. Liƙa mata salatif ba ya hana gilashi fashewa.

Janareta ne abin da muka fi yi wa juna faɗa a kai, don mun saba da shi tun daga gida, mun raina shi. Gidajen nan a toshe suke saboda na'urar sanyaya ɗaki, iska mai guba da janareta yake fitarwa kuma ba ta da wari. A waje ake ajiye shi, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Gareji bai isa ba, ko a buɗe yake. Bayan guguwar Laura a 2020, da yawa daga waɗanda suka mutu a Luwiziyana hayaƙin janareta ne ya kashe su, guguwar ta riga ta wuce.

Batun gudu kuma, ba kowa ke gudu ba. Hukuma takan ba da sanarwar shiri saura awa 48, ta gargaɗi saura awa 36, kuma an raba unguwanni bisa lambar gidan waya. Wanda teku zai iya kaiwa ya tashi. Wanda iska ce kawai za ta same shi ya zauna a ɗakin tsakiya marar taga. An koyi wannan da tsada a 2005. Guguwar Rita ta taho wata guda bai cika ba bayan guguwar Katrina, miliyoyi suka fito lokaci guda, mai ya ƙare a kan titi cikin zafi, mutane kusan 100 suka rasu a hanya.

A tsakaninmu, kowane gidan da ke kwari yana da gidan da zai sauka a tudu, an san shi tun kafin Yuni. A rukunin WhatsApp ake bin gida-gida, a fara da ɗalibai, masu jego, da tsofaffin da suka zo ganin jikoki. Masallatan garin nan sun buɗe wa kowa ƙofa a lokacin Harvey, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Idan ka ji shiru daga ɗan'uwanka kwana biyu ko uku bayan guguwa, yawanci wuta ce babu. Beryl, wadda ta iso mana tana mataki na 1 kawai, ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan 2 a duhu. Ka tura masa gajeren saƙo, shi ya fi kira saurin shiga.