Yashi Mun Sani, Teku Ne Baƙo: Amsoshin Masu Shirin Zuwa Tuddan Rairayi na Bakin Ruwa

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato wuraren nan da hukuma ta killace inda tuddan rairayi ke gangarowa har cikin teku. Da alama hotunansu sun zaga wayoyin mutanen Kano. Na zaɓo biyar.

Wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari ya ce: "Ina so in kai uwargida da yara uku hutun Disamba. Ejan ya ba ni zaɓi biyu, Katar ko Namibiya. Wanne zan biya?"

Alhaji, in da iyali za ka tafi, ka biya Katar.

Wurin da ejan ɗinka yake nufi shi ne Khor Al Adaid, kimanin kilomita 80 kudu da Doha, dab da iyakar Saudiyya. Wani reshen teku ne ya kutsa cikin hamada, tuddan rairayi suka kewaye shi. Gwamnatin ƙasar ta killace shi a 2007. Ana fita daga Doha bayan karin kumallo a dawo a kwana a otal, kuma Disamba na cikin watanninsa masu daɗi, don daga Nuwamba zuwa Maris ne zafi ke sauka. Da a Yuli ka ce za ka, da na ce ka ajiye kuɗinka, domin zafi kan haura digiri 40. Abinci ba sai ka yi tambaya ba, masallaci ko'ina, Hajiya kuma ba wanda zai bi hijabinta da kallo.

Namibiya ta fi ban mamaki, wannan ba na musu. Wurin sunansa Sandwich Harbour, cikin gandun Namib-Naukluft, kudu da garin Walvis Bay. Tuddan can sun fi na Katar tsawo nesa ba kusa ba, suna faɗowa kai tsaye cikin Tekun Atilantika, kuma UNESCO ta sa wannan yankin yashi cikin kayan tarihin duniya a 2013. Sai dai tafiyar ta fi tsawo. Bayan ka sauka Windhoek akwai sauran wajen kilomita 360 kafin Swakopmund, garin da baƙi suka fi sauka. Disamba kuma lokacin hutun 'yan ƙasar ne, kowa ya kwararo bakin ruwa, masauki ya yi wuya ya yi tsada. Musulmi ba su da yawa, don haka kifi zai zama abokinka. Wannan tafiyar ka bar ta sai yara sun tasa, ko ku yi ta da abokai.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Katin allurar shawara kuma ya kasance cikin fasfon kowa. Wajen canji a Wapa, dala za ka riƙe: riyal ɗin Katar a ɗaure yake da dala, 3.64 a kowace ɗaya, kuɗin Namibiya kuwa ɗaya suke da rand na Afirka ta Kudu.

Wani matashi daga Fagge ya rubuto: "Ni direba ne, na saba da yashin hanyoyin Nijar. Kuɗin da masu kai baƙi Sandwich Harbour suke nema ya yi yawa. In na yi hayar jif na tuƙa da kaina fa?"

Ƙanena, ban raina tuƙinka ba. Na san ka iya rage wa taya iska don ta baje a kan rairayi, ka san ba a taka birki da ƙarfi a gangara, ka san ba a ratsa tudu a karkace. Duk wannan sanin yashi ne. Abin da ke cin mota a can ruwa ne.

Ga yadda wurin yake. Akwai inda hanya ta zama siririn tsiri na jiƙaƙƙen yashi, hagunka tudu ne a miƙe wanda mota ba ta hawa, damanka teku. Teku yakan cika ya janye sau biyu a yini, kuma lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana. In ya janye, tsirin ya bayyana, a wuce. In ya dawo, babu hanya sam, igiyar ruwa tana dukan gindin tudun. Wanda ya shiga a makare, ko motarsa ta kafe na rabin awa, ba shi da wajen kaucewa. Zai fito ya haye tudu da ƙafa, yana kallo ruwan gishiri ya shiga inji. Direbobin garin da jadawalin cikar teku suke kwana, shi ya sa za ka ji yau an ce a fito da asuba, wani makon a ce sai da hantsi. Wata rana su ce ba a bin gaɓa, a zaga ta saman tuddai a hango daga can. Suna tafiya mota biyu ko fiye, da rediyon magana da igiyar ja.

Sannan ka lissafa abin da kake cewa za ka rage. Sai ka yanki takardar izinin shiga gandun. Yawancin kamfanonin haya inshorarsu ba ta ɗaukar ɓarnar da ta faru a kan tuddai ko cikin ruwan teku, ka karanta ƙananan rubutun takardar ka gani. A Namibiya ta hagu ake tuƙi, mu kuwa mun koma dama tun 1972. Kuma fita daga sawun da aka yarda laifi ne mai tara, saboda a filayen tsakuwa na wannan hamada sawun taya ɗaya yakan yi shekaru gommai bai goge ba, ya murƙushe tsirran da ke manne da ƙasa da sheƙar tsuntsaye.

Da ɗan gari akan ci gari. In akwai inda zan ce kada a yi ƙwauro a duk tafiyar, to kuɗin direba ne. Kafin ka biya, ka tambaye shi abu uku: kuɗin izini yana ciki? Mota nawa za ku tafi? In teku ya hana bin gaɓa, me za a yi da kuɗinka? Wanda ya ce maka kowane lokaci ana wucewa, nemi wani.

Alhajin Kwari, wannan ta shafe ka ta wani ɓangaren. A Katar ma sai da direba, kwalta na ƙarewa a wajen Mesaieed, nan ake sace iskar tayoyi. Direbobin suna da wasan gudu da mota a kan tuddai, su hau su sulalo. Samari na so, amma mai juna biyu da mai ciwon baya da ƙananan yara ba nasu ba ne. Ka faɗa tun wajen biya cewa tuƙin natsuwa kake so.

Wata Hajiya daga Gwammaja ta ce: "Maigida zai tafi da ni Namibiya wajen aiki, za mu leƙa wurin. Na ce tunda hamada ce kaya marasa nauyi zan ɗinka. Me zan saya?"

Hajiya, rigar sanyi za ki fara saya. Ruwan gaɓar Namibiya daga kudu yake tahowa da sanyinsa, shi ne ake kira Benguela, kuma shi ke haifar da hazon da ke rufe garin da safe. Sanyin irin na asubahin Janairu ne a Kano, sai dai wannan da danshi yake zuwa maimakon bushewa. Ruwan sama kusan babu, da wannan hazon halittun wurin suke rayuwa. Akwai wani baƙin ƙwaro da ke hawa ƙololuwar tudu da sassafe, ya sunkuyar da kai ya ɗaga baya, raɓa ta taru a jikinsa ta gangaro bakinsa. Ki sa direba ya nuna miki sawunsa. In tafiyar ta faɗo tsakanin Yuni da Agusta, lokacin sanyinsu ke nan, ki ƙara suwaita.

Ba sai kin kashe kuɗi a manyan kantuna ba. Jaket mai tare iska ta gwanjo a Ƙofar Wambai ta wadatar. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne mayafi. Iskar saman tudu ba ta san girma ba, gyale mai santsi ba ya zama. Ki sa hijabi mai ɗan nauyi wanda ya kama fuska, da dogon wando a ƙarƙashin doguwar riga, don hawan tudu sai da buɗe ƙafa, wani wurin har da dafawa. Leshi da shadda su zauna a otal.

Takalmi: kambas da safa. Silifas yana nutsewa ya tsinke, kuma in rana ta take yashi yana ƙona tafin ƙafa ko da iska na da sanyi. Tabarau mai duhu saboda ƙyalli da ƙurar yashi, man kare fata daga rana, man leɓe, da gorar ruwa. Baƙar fata ma rana tana ƙona ta, kada hazo ya ruɗe ki.

Wani mai gyaran waya a Farm Centre yana tambaya ko ya sayi ƙaramin jirgi maras matuƙi don ɗaukar hoto.

Kada ka saya, Malam. A gandayen Namibiya ba a tayar da shi sai da izini na musamman, a Katar ma haka, kuma tun a filin jirgi za a iya riƙe shi. Wayarka ta isa. Kai ka fi ni sanin abin da yashi da gishiri ke yi wa wajen caji, don haka leda mai zif da fawa bank, shi ke nan. Tambayarka ta biyu ita ce ko za ka iya ɗebo yashi da katantanwar teku a kwalba don tsaraba. A killataccen wuri ba a ɗaukar komai, ba a barin komai, har ledar ruwanka da ita za ka fito.

Wani malamin makaranta daga Hotoro ya ce: "Yarana sun iya iyo, a madatsar Tiga suka koya. In bar su su shiga? Kuma in lokacin salla ya yi, taimama za mu yi?"

Malam, na biyun ya fi sauƙi. Ruwan teku ana alwala da shi, hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik: ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal. Muddin kana bakin ruwa babu batun taimama. Ka sauke manhajar alƙibla mai aiki ba intanet, don sabis yakan ɗauke.

Na farkon kuwa ya danganta da wurin. A Khor Al Adaid bakin ruwan ba shi da zurfi kuma yawanci a kwance yake, yara za su iya wasa inda direba ya nuna, babba na tsaye kusa da su, ba zaune a inuwa yana waya ba. A guji mashigar da ruwa ke shiga yana fita, nan yake da ja. A gaɓar Atilantika ta Namibiya kuwa su tsaya iya idon sawu. Ruwan yana da sanyin da ke sandarar da jiki cikin ɗan lokaci, igiyarsa na da ƙarfi, kuma a cikin gandun babu masu ceto. Wanda ya iya iyo ya fi shiga haɗari, domin shi ne zai yi nisa.

Ka koya musu wannan tun daga gida. Akwai wata gudana da ke jan mutum daga gaɓa zuwa ciki, kuma sau da yawa tana daidai inda ruwan ya fi kama da kwantacce, inda kumfa ta yanke. Wanda ta kama kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓar har ya fita daga cikinta. Kada kowa ya shiga da jallabiya ko doguwar riga, in ta jiƙe nauyi take yi ta naɗe ƙafa. Rigar hana nutsewa daidai jikin kowane yaro ka saya tun a nan ka sa a jaka, ka gwada ta a gida: ka ɗaure masa, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga, in ta zame ta haura kunnuwansa ta yi masa yawa, a canjo ƙarama.