Yadda ake sauke jirgin ruwa daga kan tirela

Ɗana, ka tambaye ni me ya hana mu sa jak biyu mu ɗaga jirgin fiba gaba ɗaya, mu ja tirela, mu jera bulo a ƙarƙashinsa mu fara aikin kankare ƙasan jirgin, tunda ka ga ana yin haka a bakin tekun Abhur, arewa da Jidda. Ana yi, amma ba a wurina ba.

Fara da sanin abin da kake shirin ɗagawa. Lita 200 ta fetur kaɗai ta kai kilo 150, kowace litar ruwan da ya kwanta a cikin jirgi kilo 1 ce, injin baya mai ƙarfin doki 200 kuwa ya haura kilo 200, kuma duk a gindi, wato bayan jirgi, yake rataye. Saboda haka ka cire toshiyar baya ruwa ya tsiyaye, ka rage mai, ka kwashe anka da kaya. Ka naɗe rumfa ma, domin iskar arewa da ke kaɗawa a gaɓar Jidda tana iya ture jirgin da ke kan katako.

Bulo kuwa kada ka ƙara kawo maganarsa. Bulon siminti ba ya gargaɗi, lokaci guda yake tarwatsewa. Katako idan nauyi ya yi masa yawa sai ya yi ƙara, ka ji da kunnenka, ka ja da baya. Mu katako mai kauri muke jerawa, biyu a tsaye biyu a gicciye, hawa-hawa, ƙasan ya fi saman faɗi. In kan yashi ne, ko kwaltar da ranar Jidda ta tausasa, sai an shimfiɗa falanki mai faɗi tukuna, in ba haka ba gefe ɗaya zai nutse kafin la'asar.

Gindin jirgi ba da jak muke ɗaga shi ba, tirelar ce ke yi mana aikin, don kamar sikeli take a kan tayoyinta. Ka tokare tayoyi gaba da baya, ka kwance igiyoyin baya, ka bar ta winci, wato abin da ke jawo hancin jirgi kan tirela, a ɗaure. Sai ka sauke hancin tirela har ƙasa, za ka ga gindin ya tashi. Nan za ka jera katako a ƙarƙashin kusurwoyin baya biyu, inda bangon da ke riƙe inji ya haɗu da ƙasan jirgi, wurin da ya fi ko'ina ƙarfi. Idan ka ɗaga hancin a hankali, gindin zai zauna a kan katakon ya rabu da tirela. Tsaya ka duba sosai: duka ɓangarorin sun zauna daidai? In ɗaya yana motsi, sauke ka sake jeri.

Daga nan ka saki winci, ka sa jak a gaba, daidai kan ƙashin bayan jirgi, wato doron da ya bi tsakiyar ƙasansa daga hanci zuwa gindi, da guntun katako tsakanin ƙarfe da fiba. Kafin ka sa, ƙwanƙwasa wurin da gindin sukudireba. Inda akwai ƙarfi daga ciki sautin a daskare yake, inda babu sai ka ji holoƙo, can kuwa jak huda shi zai yi. Ɗaga kaɗan kawai, yadda haske zai ratsa tsakanin jirgi da robobin tirela. Ku ja tirela da hannu, ba da mota ba, har ƙarfen da ya gicciye ta ya kusa taɓa jak. Sa katako, sauke jirgin a kai, matsar da jak, sake ɗagawa, sake ja. Abin yana cin lokaci, na sani, haka za a yi ta yi har ƙarfen da ya haɗa tayoyi ya wuce.

Nauyin duka a kan ƙashin baya da kusurwoyin baya biyun nan yake zama. Tokaran gefe aikinsu hana shi karkata ne kawai, kuma a haɗa na dama da na hagu da sarƙa don kada su zame. Hancin ya ɗan fi gindi tsawo, ruwan wanki ya samu hanyar fita.

Muddin jirgi yana kan jak, ko hannunka kada ya shiga ƙarƙashi, balle kanka, domin robar mai ta cikin jak tana iya saki ba zato. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, in ya ce a tsaya kowa ya tsaya. Gobe in Allah ya kai mu kai za ka jera katakon baya, ni ina kan jak. Ka zo da safe kafin rana ta yi zafi, ka taho da sarƙar nan da ke cikin sito.